An sayar mini da ita a matsayin na'urar warkar da gyambo, ashe ta rage zafin ciwo ce

Abin da aka rubuta a kwalin shi ya ja ni: wai tana rufe gyambon masu ciwon suga da wutar lantarki. Tushen maganar gaskiya ne. Fata mai lafiya tana riƙe da 'yar wuta kamar batir, da an yanke ta sai wutar ta kwarara ta bakin mikin, ƙwayoyin fata kuma su bi ta su taru su rufe wurin. Shi ya sa na'urar gyambo ta gaskiya take tura wuta gefe guda, nagetif daban, fozitif daban, wajen bolt 100 zuwa 150, bugu kusan 100 a daƙiƙa, minti 45 zuwa 60 kullum, ta kan bandejin da aka jiƙa da ruwan gishirin asibiti.

Wannan da na saya fa? Da na jona ta a na'urar da ke zana siffar wuta a allo, sai ga layin yana hawa sama yana sauka ƙasa, kowane bugu yana soke na bayansa. TENS ce tsurarta, wato na'urar rage zafin ciwo da ke tsikarar jijiyoyi da 'yar wuta, an sauya mata kwali! Jar waya da baƙa ado ne kawai, babu gefen da ƙwayoyin za su bi. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin mai gyambo zai shafe wata biyu yana manna ta, ya bar zuwa wanki da kankare mataccen nama, ƙafa kuwa tana ci gaba da ruɓewa.

Don Allah a duba takardar da ke ciki ma. An ce a riƙa ƙara wuta har sai an ji tsikari. Mai ciwon suga da jijiyoyin ƙafarsa suka mutu ba zai ji komai ba, zai murɗa har ƙarshe. Babu inda aka gargaɗi mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, ko mai ciwon daji a wurin, ko wanda ƙwayar cuta ta shiga ƙashinsa.

A ciwon baya kam tana aiki, ba zan zalunce ta ba. Bugu 80 zuwa 100 a daƙiƙa, minti 30, zafi yana lafawa, batir ɗin bolt 9 yana jimawa. Har na yi niyyar ba ta tauraro uku.

Amma faifan mannawar, waɗanda ke kai wutar ga fata, sun bushe a manni na huɗu saboda zafin gari. Gefe ya ɗago, wuta ta taru a ɗan wurin da ya rage, ta bar jan tabo kamar kwabo a fata. A ƙafar mai suga wannan tabon sabon gyambo ne. Tauraro ɗaya na ba ta. Kafin ka biya, ka nemi mai sayarwa ya nuna maka a rubuce cewa wutar gefe guda take tafiya, kuma likitan da ke wanke ciwon ya gani.