Double 3: mutum-mutumin da ke shiga aji a madadin ɗalibi

Double 3, wanda kamfanin Double Robotics na Amurka ya fitar a shekarar 2019, allo ne a kan doguwar sanda, sandar kuma tana tsaye kan tayoyi biyu masu daidaita kansu. Mai amfani da shi yana gida da kwamfuta ko waya, fuskarsa tana fitowa a allon, yana ji yana gani, yana kuma tuƙa shi ta intanet. Na ga aikinsa a wata cibiyar koyon sana'a a nan Yamai, inda wata ɗaliba da ciwon laka ya kwantar take bin darasi da shi daga gidansu a Talladje.

Tuƙinsa ne ya fi burge ni. Tana danna wurin da take son zuwa a cikin hoton, shi kuma ya kama hanya da kansa yana kauce wa kujeru da ƙafafun mutane, kuma wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga wanda hannunsa ba shi da ƙarfi. Tsayinsa yana canzawa daga kimanin santimita 120 zuwa 150, saboda haka idan malam ya miƙe yana rubutu sai ta ɗaga shi, idan aka zauna aikin rukuni ta sauke shi daidai fuskokin 'yan ajinsu. A nan ya sha bamban da kiran bidiyo, inda ake jingine waya a kan tebur a manta da mai magana.

Sai dai an ƙera shi ne don shimfiɗaɗɗen daɓe. Ba ya hawa matakala, ba ya shiga rairayi, kuma ba shi da hannun buɗe ƙofa. Ginin da keken guragu ba ya shiga, shi ma sai an ɗauke shi. Batirinsa yana kai awa 4, amma da zarar wuta ta ɗauke intanet ya yanke, sai ya tsaya cik a tsakiyar aji.

Lokacin da ya fito a 2019, kuɗinsa ya kusa dala 4,000, wato sama da miliyan 2 na sefa, ban da jigila da kuɗin duwan. Ban ga dalilin da iyali ɗaya za su saye shi ba. Ya fi dacewa da makaranta ko ƙungiyar naƙasassu mai wutar sola, a riƙa ara wa waɗanda ba sa iya barin gado sam. Wanda keke zai iya kawowa, gangarar siminti a bakin ƙofa ta fi masa amfani, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. Kafin a biya, a tambayi mai sayarwa wanda zai gyara shi idan ya lalace, domin kayan gyaransa sai an yo odarsu daga waje.