Bas ɗin dare ko bayan tirela: tafiyar ɗan ci-rani zuwa Legas

Da an gama girbi, matasan ƙauyukan Gumel da Maigatari sai haramar ci-rani a Legas.

Wasu kan bi babbar bas ta dare daga Sabon Gari a Kano. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗinta ya yi tashin gwauron zabi. Mai ƙaramin ƙarfi yakan ƙare a kan benci tsakanin kujeru, ƙafa ta kumbura tun kafin gadar Jebba, tsayawa salla kuma sai an yi wa direba magiya. Amma akwai rufi a kanka, sunanka kuma yana takardar fasinjoji.

Wasu kuma bayan tirelar shanu suke hawa, wadda ke lodi ranar Alhamis a kasuwar Maigatari. Araha ce, shi ya sa ake rububinta. Mutum na zaune kan katako a saman ƙahonni, sanyin hunturu na ratsa shi, gyangyaɗi kuwa ganganci ne. In ta kife a ramukan hanyar Mokwa, babu takardar da za a nemo dangi da ita. In ƙanena ne, gara ya sayar da buhun gero ya hau bas.