Man kaɗe, basilin ko man kariyar rana: wanne ya dace da mai wuni a rana?

A watan Janairun bara na kai wa kawuna ziyara a gonarsa ta noman rani da ke wajen Kura. Ya zauna zai yi alwalar La'asar, yana zuba ruwa a ƙafa na ga ya runtse ido. Faso ne ya tsaga masa dunduniya har wuri uku, mafi zurfinsu yana tsattsafo da jini. Bayan hannunsa kuwa ya yi fari fat kamar an barbaɗa toka. Ya ce da ni, "Ɗana, in ka koma birni ka sayo mini man nan mai tsada da ake talla, kowanne ne." Ban sayo masa mai tsadar ba, kuma ina so in bayyana dalili, domin akwai manoma da leburori da 'yan ga-ruwa da mata masu talla da yawa da ke zuba kuɗinsu inda ba nan ciwon yake ba.

Kafin ka sa hannu a aljihu, ka fara sanin abin da ke cin fatarka. Hunturu daban, bazara daban. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar da ke tasowa daga Sahara ce ke tsotse danshin jiki, shi ya sa leɓe ke tsagewa, ƙafa ta yi kaushi. Daga Maris zuwa Mayu kuwa, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi kan haura 40 a ma'aunin Selshiyos, gumi da hasken rana ne abokan faɗa. Man da ya cece ka a Janairu zai iya fesa maka ƙurajen zafi a Afrilu.

Mu fara da man kaɗe, tunda shi ne namu na gado. Daga 'ya'yan kaɗanya ake yin sa, kuma jihohin Neja da Kwara da Kebbi suna cikin wuraren da itacen ya fi yawa. Yana narkewa da ɗumin tafin hannu, yana laushe fata, ba ya barin ta da danƙo sosai, don haka shi na fi so ga mai fita da rana cikin hunturu. Wajen saye hancinka ne alƙali. Mai kyau yana da ɗan ƙamshin hayaƙi da na suya, launinsa tsakanin fari da ruwan ƙwai. In ka ji wari mai tsami kamar na tsohon man gyaɗa, ya lalace, ko kyauta aka ba ka kada ka shafa. Sai dai akwai wata magana da ke yawo cewa man kaɗe na tare rana. Kariyar da yake bayarwa daga hasken rana kaɗan ce ƙwarai, ba ta kai a dogara da ita ba.

Basilin aikinsa wani ne. Ba ya ƙara wa fata ruwa ko ɗigo, rufe ta yake yi don kada ruwan da ke ciki ya fice, kuma a wannan fanni da wuya ka samu wanda ya kamo ƙafarsa, ga araha. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba ke nan: in ka shafa shi a busasshiyar fata, bushewar ka kulle a ciki. Lokacinsa shi ne bayan wanka ko bayan alwala, fata na da sauran danshi. Mu da muke wanke hannu da ƙafa da fuska sau biyar a wuni, maiƙon jikinmu na tafiya da ruwan, don haka ƙaramar roba a aljihu ta fi babbar kwalba da aka bari a gida. Aibinsa shi ne ƙura. Ka lafta basilin da safe ka shiga gona ko bakin titi, kafin azahar ka zama kamar wanda aka tono. A bazara kuma in ka shafe baya da ƙirji da shi, ka toshe wa gumi hanya. Ka bar shi ga leɓe da dunduniya da hannu, musamman da daddare. Ka sayi fari marar turare, a rufaffiyar roba mai suna da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, ba wanda ake ɗiba da cokali daga buɗaɗɗen bokiti ba.

Gilisirin janyo ruwa yake yi, amma a shafa shi tsura cikin busasshiyar iska sai ya yi danƙo ya kuma yi zafi a inda ya tsage. A sirka shi da ruwa, a bi bayansa da man kaɗe. Ga mai kaushi mai kauri kuma, a kemis akwai mai da aka rubuta urea a jikinsa. Mai kashi 10 cikin 100 ya isa ga hannu da ƙwauri, mai kashi 20 zuwa 25 na dunduniya ne. Yana narkar da mataccen kaushin da dutse ya gaza, sai dai a jira faso ya haɗe tukuna, don yana da raɗaɗi a buɗaɗɗen ciwo.

Yanzu ga inda gardama take: man kariyar rana. Wasu na cewa baƙar fata ba ta buƙatarsa, wasu kuma a intanet na nuna kamar wanda bai shafa ba ya halaka. Gaskiya sinadarin melanin da ke ba fatarmu launi yana tare wani kaso na hasken da ke ƙona fata, amma bai tare duka ba. A Nuwamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasin cewa a 2019 mutane biliyan 1.6 ne suka yi aiki a ƙarƙashin rana, kuma kusan 19,000 sun mutu da wani nau'in sankarar fata saboda hakan. Masu farar fata sun fi shiga wannan haɗari nesa ba kusa ba. A wajenmu abin da aka fi gani shi ne baƙin tabo a kumatu da goshi, da tabon ƙuraje da ke ƙara duhu ya ƙi tafiya.

In za ka saya, lambar SPF, wadda ke nuna ƙarfin kariyar man, ce farkon abin dubawa. SPF 15 na tare kusan kashi 93 cikin 100 na hasken UVB, wato ɓangaren hasken rana mai ƙona fata, SPF 30 kusan 97, SPF 50 kusan 98. Ka ga tazarar 30 da 50 ba ta kai yadda farashi ke nunawa ba. Ka tabbata an rubuta UVA ko kalmomin "broad spectrum", alamar yana tare ɗaya ɓangaren hasken mai ratsa fata da zurfi, kuma tunda gumi za ka yi, ka nemi mai jure ruwa. Man nau'i biyu ne: masu sinadarin zinc oxide ba su cika shiga ido da zafi ba, amma suna barin fuskar baƙin mutum da fari-fari. Ɗaya nau'in yana ɓacewa cikin fata, sai dai gumi kan gangaro da shi cikin ido. Zafi na lalata su, saboda haka kwalbar da ta wuni a kan baro cikin rana ba ta cancanci kuɗinka ba.

To amma mu yi lissafi irin na mai neman na abinci. Fuska da wuya da kunnuwa suna cin kusan rabin ƙaramin cokali, wato mililita 2.5, kuma ana so a sake shafawa duk bayan awa biyu. Ko sau uku kacal ka shafa a wuni, kwalba mai mililita 50 ba za ta cika mako guda ba. Wane lebura ne zai iya wannan duk wata? Shi ya sa nake cewa kuɗin farko malfa za a ba. Malfar kaba mai faɗin baki tana inuwantar da fuska da kunne da ƙeya, ba ta ƙarewa a mako, gumi ba ya wanke ta. Hular hana-sallah goshi kawai take rufewa. Sai riga mai dogon hannu, sakakkiya. Ka ɗaga yadin sama ka kalli rana ta cikinsa, in haske na ratsowa sosai, haka zai ratsa zuwa jikinka. Buzayen Agadas da ke naɗe rawani su bar ido kawai sun daɗe da gane wannan.

Akwai waɗanda wannan lissafin bai shafa ba, domin a gare su man kariyar rana magani ne. Na farko zabiya. Fatarsu ba ta da melanin ɗin da zai kare ta, kuma sankarar fata na kashe su da ƙuruciya a ƙasashenmu. Su SPF 50 ko sama da haka ya kamace su kullum, tare da malfa da dogon hannu, kuma duk wani gyambo ko ɓawo da ya ƙi warkewa a kai shi asibiti da wuri. In kana da zabiya a gida ko a wurin aiki, ka ba shi aikin inuwa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma. Na biyu waɗanda man bilicin ya riga ya sirantar wa fata.

Wannan na biyun yana ci mini rai. Mace ta wuni tana tallar fura ko awara, rana ta dafa mata fuska, ta je shago a miƙo mata wani haɗi a roba marar suna a ce "yana goge baƙin rana". Sau da yawa abin da ke ciki hydroquinone ne, ko clobetasol da betamethasone waɗanda magunguna ne da likita ya kamata ya rubuta, wani lokaci har da sinadarin mercury mai lalata ƙoda. Makonnin farko fuska ta yi haske, daga baya kumatu su yi ja, jijiyoyi su fito, nankarwa ta tsaga jiki, ƙarshe baƙin da ya fi na da ya zauna daram. A 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. 'Yar'uwa, duk man da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, ki ajiye musu kayansu.

Masu kwaɓa siminti, ba mai ne maganinku na farko ba. Jiƙaƙƙen siminti na da kaifi irin na soda, yana cin fata a hankali ba tare da an ji ba. Safar hannu ta roba mai kauri da dogon takalmin roba su ne abin saye. Kanikawa kuma a daina wanke hannu da fetur. Sabulun wanki ba na wanka ba ne, kuma sabulun salo ma, duk da kyaunsa, yana busar da fata in aka yawaita shi a hunturu. Mai ciwon suga da ya ga faso ya yi zurfi kada ya tsaya gwajin mai, ya nufi asibiti.

Abin da na kai wa Kawu a mako na gaba shi ne man kaɗe cikin gwangwani, robar basilin ɗaya, safar auduga ƙafa biyu, da sabuwar malfa daga Kasuwar Kurmi. Na ce bayan Isha'i ya jiƙa ƙafar cikin ruwan ɗumi na minti goma, ya goge sama-sama, ya cika tsagar da basilin, ya sa safa ya kwanta. Ya juya robar a hannunsa ya ce, "Wannan ai da shi a ɗakin gwaggonka." Na ce haka ne, Kawu, lokacin shafawar ne muka canza. Da na koma a farkon Fabrairu, tsaga biyu sun haɗe, ta ukun ta daina jini, sai na miƙa masa man urea ɗin da na riƙe har sai ranar.