Kambin Kyandir Huɗu na Jiran Kirsimeti: Abin da Na Gani a Gidana

A ƙarshen Nuwamban bara na sayi kambin kyandir na lokacin jiran zuwan Almasihu a wani kantin littattafan Kirista da ke Jos, a kan kuɗin da bai wuce na kaza ɗaya ba. Zobe ne na ƙarfe da aka naɗe da koren ganyen roba, yana da gurabe huɗu: kyandir uku masu launin shunayya, ɗaya kuma ruwan hoda, wanda ake kunnawa a ta uku cikin Lahadi huɗu na kafin Kirsimeti. Al'adar ta samo asali ne daga Jamus, inda Fasto Johann Hinrich Wichern ya jera kyandirori a kan ƙafar keken doki a Hambug a 1839, domin yaran da yake riƙo, waɗanda suka dame shi da tambayar yaushe Kirsimeti, su riƙa ƙirga kwanaki da idonsu.

Aikin da ya yi wa yaran Hambug shi ya yi a gidana. Watan Disamba a wurinmu na zirga-zirga ne, daga wurin tela zuwa kasuwar Terminus, ana lissafin shinkafa da mai, har mutum ya manta wanda ake jira. Amma kowace Lahadi bayan tuwon dare sai mu kashe talabijin, mu kunna kyandir, mu karanta annabcin Ishaya ko wa'azin Yohanna Mai Baftisma, sannan mu yi shiru na ɗan lokaci kafin addu'a. A makon farko auta ta ce, "Baba, me zai hana mu kunna su duka?" Na ce mata kowane da ranarsa. Kafin mako na uku, ita ce mai hana yayyenta taɓa na huɗun.

Sai dai kyandirorin sirara ne, kuma mai kantin bai gaya mini cewa na farko, wanda ake kunnawa Lahadi huɗu a jere, ba zai kai labari ba. Ya ƙare tun a mako na biyu, na nemi mai shunayya a kasuwa ban samu ba, dole na ɗaura wa fari ƙyalle a gindi. Iskar hunturu kuma, ko ta ƙofa ta shigo, tana karkatar da harshen wutar zuwa ga ganyen robar, saboda haka ba a barinsa da yara su kaɗai.

Zoben yana da ƙarko, kuma bana ma da shi za mu yi. Wanda zai saya ya haɗa da ƙarin kyandir biyu masu kauri tun a kantin.