Gargaɗi Ga Masu Dogayen Motoci A Zariya: Damfarar Tsanin Hawa Saman Mota

Jama'a, musamman masu dogayen motoci a Zariya da kewaye, da masu wuraren wankin mota, da direbobin da aka damƙa wa motar makaranta ko ta asibiti, a yi hattara da wasu masu tallan tsani a Facebook da WhatsApp. Tsanin da suke talla shi ne na alminiyam ɗin nan mai shigewa cikin juna kamar eriyar tsohuwar rediyo, wanda in an naɗe shi bai wuce ƙugun mutum ba, in an ja shi kuma ya haura mita uku. Hoton da suke sawa kusan iri ɗaya ne: tsani jingine da mota mai ɗaki, irin wadda ake yi wa gado da kicin da banɗaki a ciki, ga wani Bature a sama yana goge sola yana murmushi.

Irin wannan mota ba ta da yawa a nan, amma 'yan uwanta suna nan birjik. Akwai Coaster da Sprinter da aka mayar asibitin tafi-da-gidanka ko motar kwana, akwai bas-bas da aka ɗora wa sola da na'urar sanyi a kai. Duk sai an hau samansu. Ƙurar hunturu tana rufe gilashin sola har caji ya ragu, kafin damina kuma dole a duba gam ɗin da ke kewaye da tagar sama da gindin na'urar sanyi, in ba haka ba ruwan Agusta ya sauko ta silin. Wannan bukatar ce 'yan damfarar suka hango.

Ga yadda cinikin yake tafiya. Ka tura saƙo kana tambayar farashi, kafin ka ajiye waya an amsa: "Ranka ya daɗe Alhaji, saura guda uku kacal. Ɗan Jamus ne, daga gwanjon kwastam muka samo, shi ya sa ka ji kuɗin ƙasa. Turo rabi yanzu a ba direba, da la'asar ka karɓa a Kwangila." In ka nemi adireshin shago, sai a ce kayan suna sito a Legas ko Kano. In ka ce a kira ka ta bidiyo ka ga tsanin a buɗe, sai a ce yaron da ke riƙe da makullin sito ya fita. Lambar asusun da za a turo maka sunan wani mutum ne dabam, ba sunan da ke kan shafin ba, kuma za a ce na ƙanin mai shago ne. Bayan alat ya shiga, wani zai kira ka a matsayin direba ya nemi kuɗin dako, wani lokaci har da na "sallamar jami'ai a hanya". Daga nan lambobin duka su daina shiga.

Wanda aka yi wa haka kuɗinsa kawai ya tafi. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne wanda aka aiko wa tsanin da gaske, domin abin da ke cikin kwalin jabu ne mai kyan gani, da sitika mai ɗauke da "150 kg" da "EN 131".

EN 131 ƙa'idar ingancin tsani ce ta ƙasashen Turai, kuma sashe na 6 nata shi ya shafi tsani mai shigewa cikin juna. Tsanin da ya cika ta yana ɗaukar kilo 150, wato mutum da tufafinsa da duk abin da yake riƙe da shi. Sai dai buga sitika ba ya bukatar gwaji, duk mai injin ɗab'i zai iya. A Ingila ma, a 2022, ƙungiyar masu sana'ar tsani ta ƙasar tare da jami'an kula da ingancin kaya sun sayo irin waɗannan tsanuka daga kasuwa suka gwada, fiye da kashi 80 cikin 100 suka kasa cin gwajin. Can ke nan, inda ake sa ido. Wani abin da ke saurin tona asiri shi ne tambarin CE, wanda ake buga wa wasu kayan da ake sayarwa a Turai. Tsanin hannu ba ya cikin kayan da ake buga wa wannan tambari, saboda haka in ka gan shi ɓaro-ɓaro a jikin tsani, wanda ya buga sitikar bai ma san me yake kwaikwaya ba. Sitikar gaske tana ɗauke da sunan kamfani da adireshinsa, da wata da shekarar ƙira ko lambar kayan, da nauyin tsanin kansa, da zanen yadda ake jingina shi.

Amma bar ta sitika, jikin tsanin shi ne shaida. Kowane mataki yana da makulli biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Makullin ɗan guntun ƙarfe ne da sifirin ke turawa ya shige rami a jikin bututun da ke samansa. Duk nauyin mai hawa a kan waɗannan 'yan guntaye yake. Ja mataki ɗaya a hankali ka kasa kunne: na gaske za ka ji ƙas, ƙas, sau biyu, a fili. A na jabu sau da yawa gefe ɗaya ne ke kamawa, ɗayan ya tsaya a bakin rami. Tsanin zai miƙe kamar lafiya lau, ka taka na farko da na biyu ba komai, sai ka kai sama nauyi ya karkata, gefen da bai kama ba ya zame, matakin ya tuntsure da ƙafarka. Haska tocilan ka leƙa makullin. In roba ce, ko guntun bai fi ƙwayar masara ba, mayar da kayan.

Sai kaurin bututu. Masu jabu suna rage alminiyam don a nan ribarsu take. Ka kai tsanin wajen masu sayen gwangwan a ɗora a sikeli. Mai mita 3.8 da aka yi da gaske yakan wuce kilo 11, wasu su kai 14 ko 15. In sikeli ya nuna abin da ya gaza nauyin da ke rubuce a sitika da kilo biyu ko uku, an ci ƙarfen. Ɗauko tef ka auna tazarar da ke tsakanin mataki da mataki: ƙa'ida ita ce santimita 25 zuwa 30, mai mita 3.8 kuma yawanci matakai 13 gare shi. In ka ga tazarar ta kai 40, an cire matakai ne aka ja sauran. Ka buɗe shi duka ka kwantar a ƙasa, ka riƙe kai ɗaya ka murɗa. Ɗan motsi ba laifi ba ne, amma in gaɓoɓin suna kaɗawa kamar haƙorin tsoho, shigar bututu cikin bututu ta yi kaɗan. Tsanin jingina da ya wuce mita 3 kuma ana yi masa sandar gindi mai faɗi wadda ke hana shi kifewa gefe. Na jabu ƙafafu biyu ne tsirara da 'yar hular roba mai santsi.

Akwai kuma wayon tsayi. Za a rubuta "yana kaiwa mita 5", alhali tsanin mita 3.8 ne, an haɗa da tsayin mutum da miƙa hannunsa. Lissafin da ya shafe ka shi ne wannan. Tsani yana jingina ne a kan ma'aunin ɗaya cikin huɗu: kowane mita huɗu na tsayi, gindi ya ja baya mita ɗaya, wato kusurwa mai digiri 75. Sannan dole kansa ya zarce bakin rufin da mita ɗaya, kimanin matakai uku, don ka sami abin riƙewa lokacin da kake sauya ƙafa daga tsani zuwa rufi. A nan ake yawan faɗuwa, musamman wajen saukowa da baya. Coaster tana da kusan mita 2.6, don haka gindi zai ja santimita 65, kuma mai mita 3.8 ya isa da ƙyar. Mota mai ɗaki da ta kai mita 3 tana bukatar tsanin da ya haura mita 4, gindi a santimita 75. Wanda ya sayar maka da mai mita 3.2 ya ce ya isa kowace mota, ya sa ka tsaya a matakin ƙarshe kana rarrafe ne. Mutumin da ya faɗo daga mita 3 yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 27 a awa, kuma daɓen siminti ba ya sassauci. Ƙugu, dunduniya, kashin baya da kai su ne ke kai mutum asibitin Shika.

Reshe na uku na wannan cuta shi ne masu yawo gareji-gareji suna cewa za su kafa maka tsani na dindindin a bayan mota "irin na kamfani". Sukan zo da siririn bututun da ake yin kujera da shi, an fesa masa fenti mai ƙyalli, su ɗaure shi da sukuru mai cin kansa kai tsaye a jikin mota, su shafe kan sukurun da silikon. Bangon mota mai ɗaki fata ce ta alminiyam ko faiba da ba ta fi milimita ɗaya ko biyu ba, bayanta soso ne. Sukuru ba shi da abin kamawa a ciki. Girgizar hanya tana faɗaɗa ramin, ruwa ya bi ta nan ya jiƙa katakon ciki ya ruɓe, wata rana ka kama tsani ya taho da kai. Aikin ƙwarai ana neman inda ƙashin mota yake ne, a huda, a sa ƙusa mai noti ta ratsa zuwa ciki, da farantin ƙarfe a baya mai raba nauyi, a sa roba tsakanin ƙarfe da alminiyam don haɗuwarsu cikin danshi tana cinye alminiyam, sannan a toshe da gam na jikin mota irin Sikaflex. Silikon na banɗaki yana saki, kuma inda ya taɓa wani gam ba ya kamawa sai an kankare tas. Ka ce wa mai aikin ya nuna maka notin daga ciki. In ya fara kame-kame, ka sallame shi tun bai huda ba. Ko tsanin baya na kamfani ma yawanci kilo 110 da ɗoriya aka yi shi ya ɗauka, kuma a miƙe yake sak, bai dace da hawa da bokiti a hannu ba.

In an dace da tsani na gaske, saura hawan. A tsayar da mota a daɓe mai ƙarfi da ya daidaita, a ja birkin hannu, a tokare taya, makullin mota ya kasance a aljihun mai hawa. Kafin a ɗaga tsani a ɗaga kai: a lungunan Tudun Wada da Sabon Gari wayoyin wuta suna sauka ƙasa sosai, alminiyam kuwa wutar lantarki tana bi ta jikinsa, ga ruwa a hannu. A naɗa tsumma ko soso inda tsani zai taɓa mota, kada a jingina a gilashi ko rumfar gefe, a ɗaure kansa da igiya a abin da ke da ƙarfi, wani kuma ya taka gindin. In ba duka za a buɗe ba, matakan da suka rage a dunƙule su zauna a sama, kada a bar gaɓa marar kulle a ƙasa. Bokiti da buroshi a jawo su da igiya bayan an hau. Silifas a bar su a ƙasa.

Ba kowane rufi ake takawa ba. In takardar mota ba ta ce ana tafiya a kai ba, a shimfiɗa falankin filawud mai kaurin milimita 12 zuwa 18 a kan tsohon bargo, a yi aiki a durƙushe. Tagar sama da murfin na'urar sanyi roba ce da rana ta gasa, taku ɗaya ya isa. A fara wanki daga nesa ana ja da baya zuwa wajen tsani, don kada a bi ta kan kumfa. Rufin roba irin na motocin Amurka ba ya shiri da fetur ko kananzir, suna kumbura shi, ruwa da sabulu marar kaifi sun wadatar. Gaskiya ma yawancin wanki ba ya bukatar hawa: buroshi mai doguwar sanda daga kan dandamali ya fi sauƙi. Shi kansa tsanin, a goge bututunsa da busasshen tsumma bayan aiki, kada a shafa masa giris, don giris da ƙurar hunturu in sun haɗu su ne ke hana makulli shiga raminsa.

Wanda zai saya ya je inda zai taɓa kaya da hannunsa, a kasuwar Sabon Gari ko wajen PZ, ko ya sa wani nasa a Kaduna ko Kano ya duba masa, da tef a aljihu, a karɓi rasit mai sunan shago. In ta intanet ne, kuɗi sai kaya sun iso an buɗe an gwada.

Wanda kuma an riga an cuta, ya kira bankinsa nan take, ba gobe ba, ya ba da lambar cinikin don a nemi bankin da kuɗin ya shiga ya riƙe asusun. Ya ɗauki hoton hirar da shafin da lambobin waya kafin a goge, ya kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa. Ƙorafin kayan jabu ana kai shi hukumar SON mai kula da ingancin kaya, ko FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Tsanin jabun kuwa kada a sayar wa wani don rage asara, kada a ba yaran wankin mota. In an gama da shi a matsayin shaida, a kai wa mai walda ya yanka shi gida uku kafin a miƙa wa 'yan gwangwan, don in ya tafi a miƙe, sati mai zuwa za a gan shi a bakin titi da sabuwar sitika.