Na gwada wankin kafet na hoda a tsakiyar damina

Kafet ɗin falona ɗan Turkiyya ne, irin saƙar inji da ake kawowa daga Gaziantep, ruwan madara da zanen ruwan ƙasa a gefe. Shekararsa huɗu a ɗakina. Ranar sunan 'yar ƙanwata, da yake a gidana aka yi taron, ya ga abin da bai taɓa gani ba: miyar manja a kusa da ƙofa, zoɓo kofi guda a tsakiya, sai fitsarin yara a wurare biyu. Ga shi watan Agusta, kwana uku a jere rana ba ta fito sosai ba.

Da, wurin masu wankin mota nake aika shi. Su shimfiɗa shi a kan siminti, su zazzaga omo, su dirje da burushi, su sake masa ruwa da tiyo. Da rani ba laifi. Amma bara da damina haka aka dawo min da shi ƙasansa bai bushe ba, cikin mako guda falon ya ɗauki warin fumfuna, turaren wuta ma ya kasa rufe shi. Shi ya sa wannan karon na kira wasu masu zuwa har gida, waɗanda suka ce ba sa jiƙa kafet.

Samari biyu ne suka zo da inji biyu da bokitin hoda. Abin da ya fara burge ni, babban cikinsu bai taɓa komai ba sai da ya ɗaga gefen kafet ɗin ya duba takardar da ke manne a bayansa. Ya ce, "Hajiya, wannan zaren roba ne, ba ulu ba. Da ulu ne, akwai maganin da ba zan kusanto da shi ba." Ya yi min bayani cewa ulu gashin tumaki ne, sinadari mai kaifi irin na kanwa ko bilic yana cinye shi. Shi kuwa zaren roba ba ya shan ruwa sosai, amma yana riƙe mai, don haka manjan ne zai fi ba su wahala, ba zoɓon ba. Ni kuwa zoɓon ne ya hana ni barci.

Sun fara da zuƙe ƙura, kuma a nan suka fi daɗewa. Da ya buɗe injin ya nuna min abin da ya fito, yashi ne laushi, ja-ja, ƙurar hunturun da ya wuce ce kwance a gindin zaren, duk da sharar da ake yi kullum. Daga nan suka barbaɗa hodar. Ba busasshiya ce ƙarau ba, tana da ɗan danshi kamar dusar da aka yayyafa wa ruwa, domin an jiƙa ta da sinadarin da ke narkar da datti. Inji na biyu mai burushi biyu masu juyawa ya tura ta cikin zaren. Aikinta ta tsotse dattin kamar soso. Suka bar ta kusan rabin awa, a gabana ta juye daga fari zuwa ruwan toka, sannan suka zuƙe ta. Kafin la'asar yara suna zaune a kai, babu danshi, babu jiran rana.

Zoɓon ya fita tas. Shi sun fesa masa wani ruwa daban, suka riƙa dannawa da farin tawul, daga gefen tabon zuwa tsakiya. Ba su goga ba ko sau ɗaya. Na tambaya, ya ce guga tana baza tabo, tana kuma tsefe zaren, wurin ya dawo kamar gashin da ba a taje ba.

Manjan ne bai fita duka ba, kuma nan ne na ji ciwo, don a bakin ƙofa yake, duk wanda ya shigo shi zai fara gani. Maiƙon ya tafi, amma jan launin ya bar wani shaida mai ruwan ɗorawa kamar faɗin tafin hannu. Ba su ɓoye min ba. Ya ce da a daren an kwashe miyar da cokali, an rufe wurin da garin sitaci ya tsotse man, sannan a bi da ɗigon sabulun wanke kwanuka a ruwan ɗumi, da ba a kai haka ba. Mu kuwa a daren tsumma aka sa aka dirje da ruwan zafi, muka tura man can ciki da hannunmu, ya kuma kwana huɗu.

Inda zan rage musu maki shi ne fitsarin. Ranar da suka tafi falon ƙamshi yake. Bayan kwana biyu, da aka yi ruwan sama gari ya yi danshi, zarnin ya dawo. Hoda saman zare take wankewa, fitsari kuwa ya riga ya ratsa zuwa shimfiɗar ƙasa. Ya kamata su faɗa min tun farko cewa wannan ya fi ƙarfin hanyarsu. Ni na ƙarasa aikin: na haɗa ruwan khal fari da ruwa daidai wa daida, na jiƙa wuraren biyu, na danne da tawul, da ya sha iska na barbaɗa bekin soda ya kwana, da safe na share. Sau biyu na maimaita kafin warin ya mutu. Wata maƙwabciyata ta ce in zuba bilic, ban yarda ba, kuma ina roƙon duk uwar da za ta karanta wannan kada ta yi. Bilic idan ya haɗu da ruwan khal, ko da tsohon fitsari, yana fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da ƙirji, ga yara suna rarrafe a wurin.

Kuɗinsu ya kusa ninka na masu wankin mota sau uku, kuma sai an tanadi wuta, don injinansu ba sa aiki sai da ita. Ranar janareta muka tayar. Sai kuma hodar da ta riƙa fitowa kaɗan-kaɗan a tsintsiya har kusan mako guda. Wanda ke da mai asma a gida ya fitar da shi daga ɗakin lokacin aikin, ya buɗe tagogi.

Amma wata biyu ke nan kafet ɗin bai yi duhu ba. Lokacin da ake wanke shi da omo, sati uku ya isa ya koma gidan jiya, saboda sabulun da bai ɗauraye ba yana zama a zaren yana kama ƙura. Da damina, ko ga kafet mai cika ɗaki wanda ba ya ɗaguwa, zan sake kiransu ba tare da shakka ba. Idan Allah ya kai mu watan Maris, rana ta buɗe, zan nemi masu injin da ke fesa ruwan zafi ya zuƙe shi nan take, su wanke min shi har ƙasa. Tabon manjan kuwa na juya kafet ɗin, yanzu yana ƙarƙashin doguwar kujera.