Asibitin dabbobin da ya yi wa hamstata tiyata, da yadda jinyar ta kasance bayan an sallamo mu

Yau kwana 15 kenan da aka yi wa hamstata aiki, jiya muka koma aka duba ɗinkin aka ce ya haɗe tsaf, shi yasa na ce bari in zauna in rubuta yadda asibitin nan suka yi mana, mai kyau da wanda bai min daɗi ba, saboda lokacin da nake cikin tashin hankalin nan na so a ce akwai wanda ya riga ni shiga ya ba ni labari.

Ga wanda bai san ta ba, hamsta wata 'yar dabba ce dangin ɓera mai guntuwar jela, tawa irin ta Siriya ce, wadda asalinta daga yankin Aleppo aka kamo kakanninsu a 1930. Ba sa daɗewa a duniya, shekara biyu zuwa uku ne, tawa tana da shekara ɗaya da wata bakwai. Abin da ya fara ɗaga min hankali shi ne ruwa da take sha ba ƙaƙƙautawa, cikinta ya ɗan kumbura, sai kuma wani ruwa mai wari da jini-jini da nake gani a shimfiɗarta. Da farko na ɗauka al'adarsu ce tunda macen hamsta duk kwana huɗu tana fitar da wani farin ruwa, amma wannan bai tsaya ba. Da muka je likita ta taɓa cikin, ta yi mata hoto, ta ce mahaifa ce ta cika da mugunya, kuma in ba a cire ta ba magani kaɗai ba lallai ya cece ta ba.

Abu na farko da ya sa na yarda da likitar nan, na tambaye ta ko in hana ta abinci daren da za a yi aikin kamar yadda ake yi wa kare da mage, sai ta ce "A'a Malama, kar ki kuskura, hamsta ba ta amai, in kin bar ta da yunwa sukarin jikinta ne zai faɗi." Ta ce abin da za su yi kawai shi ne su duba kumatunta su kwashe abincin da ta ɓoye, domin jakar kumatun nan tana kaiwa har kafaɗa. Daga nan na gane wannan ta saba da ƙananan dabbobi, ba wai lalube take ba. Ba ta kuma ɓoye min haɗarin ba, ta ce dabbar da ba ta wuce giram 150 ba maganin barci yana iya tafiya da ita, sun fi amfani da na shaƙa mai suna isoflurane saboda ana saurin farfaɗowa daga shi, amma duk da haka ba ta min alƙawarin komai ba. Na fi son haka wallahi.

Aikin kansa ban gani ba, don haka ba ni da ta cewa sai dai sakamako. Inda nake da bakin magana shi ne bayan aiki, kuma a nan ne asibitin nan suka ci sunansu.

Ba su ba ni ita nan take ba, sai da suka riƙe ta wajen awa huɗu a cikin wani ɗan akwati mai ɗumi har ta fara tafiya da ƙafarta ta lasa ruwa. Nas ɗin ta yi min bayani cewa sanyi shi ne babban mai kashe su bayan tiyata, jikin ƙarami ne zafi yana fita da sauri, maganin barcin kuma yana hana jikin ɗumama kansa. Ta ce in na je gida in naɗe robar ruwan ɗumi da tawul in sa a ƙarƙashin rabin kejin kawai, rabi fa, ba duka ba, yadda in zafi ya ishe ta za ta iya komawa ɗaya ɓangaren. Ɗakin kuma ya tsaya tsakanin digiri 20 da 24, kar fanka ko iskar taga ta buge ta kai tsaye. Da ta miƙo min ita an aske cikin, fatar ja-jaur, ɗinkin bai kai tsawon gaɓar yatsana ba, kuma babu zare ko ɗaya a waje, duk a ciki suka yi shi da zaren da ke narkewa sannan suka manne sama da gam na fata, don in ta ga zare to ba makawa sai ta ciccije shi, haƙoransu na gaba ba sa daina girma kuma komai suka samu gurgura suke.

Sun sa na sauya mata keji gaba ɗaya. Na mayar da ita ƙaramin akwatin roba mai hawa ɗaya, na cire tayar gudunta, na cire kwanon yashin da take wanka a ciki, na cire duk wani abin hawa, shimfiɗa kuma farin tishu mara ƙamshi da na yayyaga maimakon ɗusar katako da za ta iya maƙalewa a ciwon. Farin tishun nan ya yi min rana sosai, domin duk safiya ina ganin ko akwai ɗigon jini, ina ganin fitsari, har kashinta nake ƙirgawa. Daren farko guda uku kacal na gani, ƙanana busassu, na kasa barci, dare na biyu suka ƙaru sai na ji numfashina ya dawo. Robar ruwanta ma na sauko da ita ƙasa yadda ba sai ta miƙe tsaye ba.

Magani iri biyu suka ba mu, na rage zafi mai suna meloxicam da na kashe ƙwayoyin cuta mai suna enrofloxacin. A nan likita ta ja min kunne da babbar murya, ta ce ko da wasa kar in ba ta amoxicillin ko ampicillin ko wani dangin penicillin da ya rage a gida, haka ma clindamycin da erythromycin, saboda suna kashe ƙwayoyin hanjinta masu amfani sai mugaye su mamaye, gudawa ta kama ta, cikin 'yan kwanaki a rasa ta. Ni kam da ba a faɗa min ba ban san haka ba, kuma na tabbata akwai masu kiwon da yawa da ba su sani ba.

Yanzu ga inda suka ɓata min rai. Takardar sallamar da suka ba ni an rubuta adadin maganin da miligiram, sirinjin da suka haɗo min kuma layukansa na mililita ne, na dawo gida da dare lokacin ba da magani ya yi na tsaya da sirinji a hannu ban san inda zan ja ya tsaya ba, ga dabba mai nauyin da ɗigo ɗaya in ya yi yawa matsala ne. Na kira lambar gaggawarsu sau uku kafin aka ɗauka. Wanda ya ɗauka ya ba ni haƙuri, ya duba fayil ya faɗa min, washegari kuma nas ta turo min hoton sirinji ta WhatsApp an ja layi da maka a daidai wurin. Sun gyara, amma abu ne da ya kamata a yi tun kafin in fita ƙofa. Na biyu kuma ɗakin jiransu ɗaya ne, karnuka na haushi a gefenka kai kuma kana riƙe da dabbar da ƙara kaɗan ke firgita ta, sai da na lulluɓe akwatin da mayafi na koma can lungu.

Ciyarwa ce ta fi ba ni wuya. Kwana biyun farko ko kallon abincinta ba ta yi, sai garin abincin jinya da suka ba ni, ina dama shi da ruwan ɗumi ya yi ruwa-ruwa in zuƙa a sirinji mai mililita 1. Nas ta nuna min yadda zan naɗe ta a ɗan tawul ba tare da na danne cikin ba, in sa bakin sirinjin ta gefe a bayan haƙoran gaba, ɗigo ɗaya in jira ta haɗiye. Abin da na lura da kaina shi ne wani lokaci ba haɗiyewa take ba, turawa take cikin kumatu, sai ka ga gefen fuskar ya yi tudu, in na ga haka sai in dakata in bar ta ta huta. Na kuma gane da yamma lis ta fi karɓa tunda dabbar dare ce, tashinta da rana takura ce kawai. Kullum lokaci ɗaya nake ɗora ta a sikelin kicin cikin ƙaramin kofi, ranar aiki tana giram 146, ta sauka har 137 a rana ta uku, a rana ta huɗu na tarar ta ɗauki guntun kokwamba da hannayenta biyu tana ci, na zauna a ƙasa ina kallonta hawaye na zubo min.

Sau biyu suka kira ni da kansu, washegarin aiki da rana ta biyar, suna tambayar ko tana ci, ko ciwon ya kumbura ko yana wari, ko tana ƙudundunewa ta rufe ido rabi, wanda alamar zafi ce. Wannan kiran ya fi min komai, domin hamsta tana ɓoye ciwo, kafin ka gane abu ya yi nisa.

In za a tambaye ni, zan ba su tauraro huɗu cikin biyar, ɗayan na riƙe shi ne saboda takardar maganin nan. Duk wanda zai kai tasa, kafin ya bar wurin ya sa a ja masa layi a jikin sirinji a gabansa, ya kuma karɓi lambar da ake ɗauka da dare. Jiya nauyinta ya koma 144, gashin cikin ya fara tsirowa, likita ta ce in mayar mata da tayar gudu amma yashin wanka a ƙara masa sati ɗaya. Daren jiya wajen ƙarfe biyu na ji ƙarar tayar tana juyawa.